Zauren Likita: Abin da Mujalla Ke Son Ka Faɗa Kafin Ta Buga Bincikenka

Wasiƙun wannan watan kusan duk daga 'yan gida suka fito, wato likitoci da ma'aikatan jinya da masu haɗa magunguna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Lokacin tantance takardun ƙarin girma ya gabato, kowa ya zaro binciken da ya kwana biyu a durowa yana neman mujallar da za ta buga masa. Masu tambayar ciwon suga da ciwon gwiwa ku yi mini haƙuri zuwa fitowa ta gaba, amma kada ku tsallake shafin, don ƙwayar da muke rubuta muku a kati, a irin waɗannan takardu muka karanta cewa tana aiki. Kamar kullum, na sakaya sunayen masu tambaya da na asibitocinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni mai haɗa magunguna ce a wani asibitin gwamnati. Ni da likitoci biyu mun bi masu hawan jini tsawon wata shida muna auna yadda wani magani ke saukar musu da jinin. Wakilin kamfanin da ke shigo da maganin ne ya ba mu kwalayen kyauta, kuma bara kamfanin ya biya mini kuɗin jirgi da masauki na je taro a Legas. Ko sisi ba su damƙa mini a hannu ba, kuma ba su sa baki a sakamakon ba. Yanzu mujallar ta turo fom wai kowa ya bayyana alaƙarsa da kamfanoni. Abokan aikina sun ce mu rubuta "babu", don in mun faɗa za a ce saye mu aka yi. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki rubuta duka biyun, kwalayen da tafiyar Legas, ki kuma gaya wa abokan aikinki kowa nasa fom ɗin zai cike, ba a cike wa mutum.

Fom ɗin da aka turo miki, ko dai na kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ne, wanda ake kira ICMJE, ko kuma an kwaikwayo shi daga nasu. Kwamitin ya faro ne daga wata ganawa da wasu editoci suka yi a Vancouver ta Kanada a 1978, yau kuma mujallu da yawa, har da namu na gida, ƙa'idojinsa suke bi. Fom ɗin kashi biyu ne. Na farko yana tambayar duk wani taimako da wannan aikin ya samu, komai daɗewarsa: kuɗi, magani, kayan aiki, wanda ya taya rubutu, har da wanda ya biya kuɗin bugawa. Kwalayenku a nan suka faɗo. Na biyu yana tambayar wata 36 da suka wuce: kuɗin lacca, kuɗin ba da shawara, hannun jari, kyauta, kujera a wani kwamitin kamfani, da kuɗin halartar taro. Ga tikitinki na Legas. Fom ɗin bai tambaya ko kuɗin ya taɓa tafin hannunki ba. Bai kuma tambaya ko abin ya karkatar da ke ba, domin wannan ba ke za ki yanke ba, mai karatu ne.

Nan ne mutanenmu suke ruɗewa. Suna ɗaukar fom ɗin kamar takardar amsa laifi a caji ofis. A kasuwar shanu ba wanda ke ƙin sauraron dillali don yana cin la'ada, sana'arsa ke nan. Abin da mai saye ke son sani shi ne a hannun wa yake karɓar la'adar, don ya san yadda zai auna yabon da yake yi wa sa. Iyakar abin ke nan. Akasarin manyan gwaje-gwajen sababbin magunguna kamfanoni ne ke ɗaukar nauyinsu, kuma manyan mujallu suna buga su kullum, da dogon jerin alaƙoƙi a ƙarshen takarda. A shekarun da na yi ina bitar takardu wa mujallu, ban taɓa ba edita shawarar ya ƙi takarda don marubuci ya ce kamfani ya ba shi magani ba. Abin da nake yi shi ne in ƙara buɗe ido a kan teburin sakamako, in duba ko an faɗi illolin maganin kamar yadda aka faɗi amfaninsa. Kuma akwai dalili. Masu tattara bincike na ƙungiyar Cochrane sun kwatanta binciken da kamfanoni suka biya da wanda ba su biya ba, suka ga na kamfani ya fi yawan fitowa da sakamakon da ke yi wa maganin daɗi. Ba lallai wani ya yi ƙarya ba. Wani lokaci tun daga zaɓen maganin da za a kwatanta da shi, da yawan da za a bayar, aka riga aka karkata.

Abin da ke kashe mutum shi ne a gano daga baya. A 1967 mujallar New England Journal of Medicine ta buga wani nazari na masana daga Harvard da ya sassauta wa sukari laifin ciwon zuciya, ya ɗora wa kitse. Ƙungiyar masu masana'antar sukari ce ta biya su, ba a kuma faɗa ba, don mujallar ba ta fara neman irin wannan bayani ba sai 1984. Sai a 2016 wasu masu bincike suka tono wasiƙun. Shekara kusan hamsin likitoci na ba mutane shawarar abinci ba su san wa ya sayi tawadar ba.

Na likitan Birtaniya Andrew Wakefield ya fi muni. A 1998 mujallar The Lancet ta buga takardarsa a kan yara 12, wadda ta jefa zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum da ƙyandar Jamus na da hannu a lalurar galahanga. Bai gaya wa mujallar cewa ya karɓi fam 55,000 ta hanyar lauyoyin da ke shirin maka masu yin allurar a kotu ba, kuma wasu daga cikin yaran 'ya'yan masu ƙarar ne. Ɗan jarida Brian Deer ya fallasa wannan a 2004. A 2010 mujallar ta janye takardar, hukumar likitocin Birtaniya ta soke sunansa daga rajista. Laifinsa ya wuce ɓoye kuɗi, har bayanan yaran an gano an murɗe su, amma ta bakin kuɗin aka fara jan zaren. Kafin nan iyaye da yawa sun guji allurar, ƙyanda ta dawo inda aka kusa mantawa da ita. Ko a 2018, José Baselga, babban likitan wata fitacciyar cibiyar cutar daji a New York, sai da ya ajiye muƙaminsa bayan 'yan jarida sun nuna ya buga takardu da yawa ba tare da ya bayyana miliyoyin dalolin da ya karɓa daga kamfanoni ba.

Layi biyu sun ishe ki: kamfani kaza ya ba da maganin kyauta, ya kuma biya wa marubuciya ta farko kuɗin halartar taro a shekara kaza, bai sa hannu a tsara binciken ko tattara bayanai ko rubutu ba. In kuwa wakilin ya taɓa ganin daftarin kafin ku aika, ko da a WhatsApp ne, to wannan jimlar ta ƙarshe ba za ta rubutu haka ba. Ki kuma karanta amsar ƙarshe a wannan shafi, don in ku ne kuka zaɓi wanda za a ɗora a kan maganin, akwai maganar rajista a gabanku.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ƙaramin likita ne a sashen mata da haihuwa. Na kwashe watanni ina zaro fayil-fayil na shekara biyar na matan da suka zo da jijjiga lokacin haihuwa, na haɗa takarda mai kyau. Ban nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike ba, don ban taɓa jikin kowa ba, takardu kawai na duba. Mujallar ta ce sai na kawo lambar izini da kwanan wata. Wani ya ce akwai wanda zai iya yi mini takardar ya mayar da kwanan watan baya. Ba cutar da kowa zan yi ba ai?

AMSA: Ƙanena, kada ka kusanci wannan takardar. Akasarin sauran abin da ke wannan shafi ana iya gyara shi da wasiƙar ba da haƙuri ga edita. Wannan ba ya gyaruwa. Kuma in akwai mutanen da bai kamata a koya musu wannan darasi sau biyu ba, mu ne.

Wataƙila kana goye lokacin, bari in ba ka labarin. A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa arewacin Najeriya, ta kashe mutane sama da dubu goma. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya turo tawaga asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano don gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara kusan 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su ceftriaxone da aka saba amfani da shi. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya yi ɓarnar, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen da suka kai ƙara sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. A Disambar 2000 jaridar Washington Post ta fito da labarin. Da aka zo kan takardar izinin kwamitin ɗa'a da aka gabatar wa hukumomin Amurka, sai likitan Najeriya da ya kula da aikin ya shaida wa jaridar cewa bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan watan baya. Asibitin da sunansa ke saman takardar ma ba shi da irin wannan kwamiti a lokacin. A 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba. Kuɗin bai sayo abin da aka rasa ba. Lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano a 2003, sunan Trovan na cikin abin da mutane ke ambata, kuma duk wanda ya taɓa bin gida-gida da masu rigakafi ya san har yau akwai ƙofar da ke rufewa saboda shi.

Na san za ka ce ina fayil ina gwajin magani a kan yara. Gaskiya ne, ba ɗaya ba ne. Amma takardar da ake son yi maka, irin waccan ce sak. Amfanin kwamiti gaba ɗaya shi ne wasu idanu da ba naka ba su duba aikin tun ba a fara ba, lokacin da "a'a" ke da amfani. Izinin da aka rubuta bayan an gama, aka yi masa kwanan watan ƙarya, shaidar zur ce da hatimin asibiti.

Kuma fayil ba takarda kawai ba ce. A ciki akwai sunan mace da unguwarsu, da cikin nawa ta yi, da wanda ya zube, da sakamakon gwajin ƙanjamau, wani lokaci da ko tana da aure. Ta ba da waɗannan ne don a yi mata magani, ba don ka samu ƙarin girma ba. Ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa, wadda kwamitin ƙasa NHREC ya fitar a 2007, ta yarda cewa akwai binciken da ba ya bukatar cikakken zama, kuma na tsofaffin bayanan da aka cire wa suna yana iya shiga ciki. Sai dai ba mai bincike ne ke yafe wa kansa ba. Kwamiti ne ke dubawa ya ce an yafe, ya ba ka takarda mai lamba, wadda ita za ka nuna wa mujalla. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ƙara wa wannan tsari ƙarfin doka. Sanarwar Helsinki kuwa, wadda ƙungiyar likitocin duniya ta fitar a 1964 ta kuma sake sabuntawa a 2024, ta ce binciken da ya saɓa wa ƙa'idojinta bai kamata a karɓe shi don bugawa ba. Daga nan editanka ya samo tambayarsa.

In takarda ta zo mini bita, kafin in karanta gabatarwa kwanan wata biyu nake nema: ranar izini da ranar fara tattara bayanai. Wasu editocin sukan rubuta wa sakataren kwamitin su tambayi lambar. Lamba kuwa a jere take a littafi, ba ta da wurin cusa baƙo. Ranar da aka gano, ba takarda kaɗai za ka rasa ba, maganar tana iya kaiwa majalisar likitoci, kai da wanda ya sa maka hannu.

Abin yi shi ne ka je wurin sakataren kwamitin asibitinku da gaskiyarka, ka ce ga abin da na yi, ga inda na kauce. Kwamitoci da yawa ba sa ba da izini ga aikin da aka riga aka gama, kuma suna da hujja. Wasu za su ce ka rubuto tsari sabo, da yadda za ka cire sunaye da inda za ka adana bayanan, su duba, in sun yarda ka sake zaro bayanan a ƙarƙashin izinin, da kwanan watan gaskiya. Abin da suka yanke, shi za ka rubuta wa edita ba ƙari ba ragi. Yana iya ƙi. In ya ƙi, ka yi asarar watanni, sunanka kuma yana nan.

Ba zan rufe wannan ba sai na faɗa wa 'yan kwamiti tasu. Yaro ya kawo tsarin duba fayil mai shafi huɗu, a karɓi kuɗinsa, a bar shi wata da watanni yana sintiri ana ce masa ba a yi zama ba. Irin wannan shugaban kwamiti ko wakilinsa na iya duba shi cikin 'yan kwanaki. Jinkirinmu ne ke buɗe wa masu sayar da kwanan wata kasuwa.

TAMBAYA: Likita, a sashenmu duk takardar da za ta fita sai sunan shugaban sashe ya shiga, ko bai karanta ba. Yanzu an ce in ƙara sunan wani abokinsa da ke neman farfesa, a kuma cire na ma'aikaciyar ɗakin gwaji da ta tsara yadda aka auna samfuran ta kuma fassara sakamakon, wai ita ba likita ba ce. Mujallar na son kowa ya rubuta abin da ya yi. Me zan rubuta wa wanda bai yi komai ba?

AMSA: Ɗan'uwa, wannan ciwon ya fi kowanne yaɗuwa a cikinmu. Sharuɗɗan ICMJE huɗu ne, kuma sai mutum ya cika duka: ya yi aiki na gaske a tsara binciken ko tattara bayanai ko fassara su, ya rubuta ko ya yi gyara mai ma'ana, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda zai amsa tambaya a kan aikin in matsala ta taso. Zama shugaban sashe ba ya cikinsu. Samo kuɗi kaɗai ma ba ya ciki. Wurin irin waɗannan shi ne sashen godiya, shi ma da izininsu.

Sharaɗi na huɗun, wanda aka ƙara a 2013, shi ya kamata manyanmu su ji tsoro. Suna a kan takarda ɗaukar alhaki ne. A Mayun 2020 The Lancet ta buga wani bincike da ya ce ya duba masu korona kusan 96,000 a asibitoci 671, ya gano maganin hydroxychloroquine na ƙara mace-mace. Hukumar lafiya ta duniya har ta dakatar da gwada maganin na ɗan lokaci. Bayanan daga wani ƙaramin kamfani mai suna Surgisphere suka fito. Da masana suka fara tambaya, ciki har da yadda aka yi asibitocin Afirka suka ba da irin waɗannan cikakkun bayanai na kwamfuta, sai ta bayyana manyan farfesoshin da ke kan takardar ba su iya tabbatar da bayanan ba, kamfanin kuma ya ƙi buɗe su a duba. Cikin mako biyu aka janye ta.

Ba zan ce ka je ka yi fito-na-fito da wanda ke sa hannu a littafin horonka ba, na san inda kake tsaye. Ga shugaban sashe akwai hanya mai mutunci: ka kai masa daftarin a buge, ka ce, "Ranka ya daɗe, mujallar ta ce sai kowa ya faɗi abin da ya yi, ina roƙon ka duba mana fassarar sakamakon da tattaunawar." In ya zauna ya yi aikin da gaske, ya ci sunansa da halal, takardar ma ta ƙaru. Abokin nasa kuwa ba ni da dabarar da zan ba ka, don babu abin da za ka rubuta masa da ba ƙarya ba. Ka bar fom ɗin ya yi maka magana: kowa shi zai sa hannu a kan abin da ya ce ya yi. Wanda ba zan sassauta a kai ba shi ne cire ma'aikaciyar ɗakin gwajin. Ƙara sunan wanda bai yi ba yaudarar mai karatu ce, cire na wadda ta yi kuwa cin haƙƙi ne, kuma ita ma tana da takardun ƙarin girma da za ta cike. A aiki na gaba, ku zauna tun ranar farko ku rubuta wa zai yi me da yadda sunaye za su jeru.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Mun samu wata yarinya 'yar shekara tara da wani ciwon fata da ba kasafai ake gani ba, muka ɗauki hoto. In mun rufe idanunta da baƙin layi, sai mun nemi izini?

AMSA: Sai kun nema, 'yata. Baƙin layi ba ya ɓoye kowa, kuma editoci sun daɗe da daina yarda da shi. Maƙwabciya za ta gane yarinyar da zanen atamfarta, ko tsagar fuska, ko ɗan kunne. Ko babu hoto, in kin haɗa shekaru da gari da ciwon da ba a cika gani ba, kin nuna ta. Mujallar yau a intanet take, duk mai waya na iya ɗauko hoton ya tura, kuma yarinyar nan wata rana za a zo neman aurenta.

Izinin ɗaukar hoto don fayil daban, na bugawa daban. Ki zauna da mahaifi ko mahaifiya ko waliyyi, ki yi bayani da Hausa cewa duk duniya za a iya gani kuma in ya fita ba ya dawowa, ki nuna musu ainihin hoton. In ba sa karatun boko a karanta musu, su dangwala yatsa a gaban shaidan da ba ya cikin masu rubutun. Ki tabbatar sun gane in sun ƙi ba abin da zai taɓa maganin 'yarsu, don a asibitinmu mutane kan ce "to" ga duk mai farar riga. Yarinyar ita ma a tambaye ta, shekara tara ta isa ta ce ba ta so. A takardar ki rubuta cewa an samu yardar iyaye a rubuce, ainihin fom ɗin kuma ki adana shi, wasu mujallun sukan nema.

TAMBAYA: Turancina ba shi da ƙarfi, na sa ChatGPT ya gyara mini rubutun. In faɗa?

AMSA: Ka faɗa. Tun 2023 ICMJE ta ce a bayyana amfani da irin waɗannan manhajoji, a wasiƙar da ke raka takarda da kuma cikin takardar: in gyaran rubutu ne a sashen godiya, in nazarin bayanai ne a sashen hanyoyin bincike. Ba a sa shi cikin marubuta, tunda ba ya iya ɗaukar alhaki. Ba abin kunya ba ne, da yawa a cikinmu a harshe na biyu ko na uku muke rubutu. Abu biyu kawai: kada ka liƙa masa bayanan majiyyata, kuma duk madogarar da ya ba ka ka nemo ta da kanka ka buɗe, domin yana ƙirƙiro takardun da ba a taɓa rubutawa ba, da sunan mujalla da shafi da komai.

TAMBAYA: Gaisuwa daga Maraɗi, Likita. Muna shirin gwada garin zogale a kan masu ciwon suga, rabi su sha tare da maganinsu, rabi maganin kaɗai. Mun samu izinin kwamiti. An ce kuma sai mun yi rajista a intanet. Zogalen da ake ci kullum? Kuma in bai yi aiki ba, ai ba sai mun buga ba ko?

AMSA: Madalla da ka tambaya tun ba ku fara ba, Malam. Abin da ke mayar da aiki gwaji ba tsadar maganin ba ne ko baƙuntarsa. Da zarar ku ne kuka raba mutane kuka ce wannan ya sha, wannan kada ya sha, don ku ga abin da zai faru da lafiyarsu, gwaji ne, ko zogale ne ko motsa jiki. Tun 2005 mujallun da ke bin ICMJE suke neman a yi rajistar gwaji a rumbun da kowa ke iya dubawa, kafin a ɗauki mutum na farko ko a ranar. Muna da namu na nahiyar, PACTR, wanda ke Afirka ta Kudu, hukumar lafiya ta duniya ta amince da shi, kuma kyauta ne. Izinin kwamiti ba ya maye gurbinsa.

Hikimar ita ce ka faɗi abin da za ka auna tun ba ka ga sakamako ba. In ka rubuta cewa babban ma'auninku shi ne HbA1c, wato gwajin matsakaicin suga a jini, bayan wata uku, ba ka da damar dawowa ka ce ai nauyin jiki kuke nema don shi ne ya motsa. An yi haka da paroxetine, maganin ciwon damuwa: wata takarda ta 2001 ta ce yana da amfani ga matasa kuma ba shi da wata illa ta a zo a gani, alhali a ma'aunan da aka tsara tun farko bai fi ƙwayar bogi, wadda ba magani a cikinta, ba. Da wasu masana suka sake nazarin ainihin bayanan suka buga a mujallar BMJ a 2015, sai ga shi bai yi aiki ba, kuma tunanin kashe kai ya fi yawa a cikin waɗanda suka sha.

Batun in bai yi aiki ba, ku buga. Sanarwar Helsinki ta wajabta fitar da sakamako ko bai yi daɗi ba. Mutanen da za su yi wata uku suna shan garin nan ana tsira musu allura sun yarda ne don a san gaskiya. Kuma a ƙasar da ake tallar maganin suga a kowace tasha da lasifika, takardar da ta ce "mun gwada, bai sauke ba" tana iya hana wani ajiye metformin ɗinsa, wato ƙwayar sugan da likita ya rubuta masa. In gwaji goma aka yi, aka ɓoye takwas da ba su yi ba, aka buga biyu, likitan da ya karanta zai rantse zogale magani ne.

Wajen cike rajistar za a tambaye ku ko za ku bar wasu masu bincike su ga bayananku bayan an cire sunaye. Tun Yulin 2018 mujallun ke neman wannan bayani a cikin takarda. Kuna iya cewa a'a, amma "ba mu yanke ba tukuna" ba ta karɓuwa. In e za ku ce, ku sa shi cikin takardar yardar da za a karanta wa majiyyatan tun yanzu. In kuma wani mai sarrafa garin zogale ne zai ba ku kayan, sunansa zai shiga fom ɗin da na yi wa ƙanwata bayani a sama.